Daga Rana Tsaka Zuwa La'asar Sakaliya: Tarihin Lokacin Ɗaukar Hoto a Bakin Teku

Duk mai hoton da ya san aikinsa, in ango da amarya suka ce a bakin teku suke son hotunan kafin biki, amsarsa ɗaya ce daga Legas har Jidda: ko a yi sammako a riski fitowar rana, ko a bari sai la'asar sakaliya. Tsakar rana kuwa ko ambatonta ba ya so. Matasan da ke sana'ar a yau sun ɗauka wannan doka gadonta aka yi tun ranar da aka ƙera kyamara, alhali ba ta daɗe ba. Shekaru sittin zuwa saba'in da suka wuce, wanda ya sayi fim mai kala na kamfanin Kodak yakan tarar da 'yar takarda a naɗe cikin kwalin, kuma lissafin hasken da ke jikinta an yi shi ne don tsakanin awa biyu bayan fitowar rana da awa biyu kafin faɗuwarta. Lokacin da ake rububi a yanzu shi ne daidai wanda kamfanin ya tsame daga lissafi.

Kafin a zo maganar wane haske ya fi kyau, abubuwa biyu ne suka daɗe suna zaɓar wa mai hoto lokaci: maganin da ke jikin farantinsa, da sa'ar da jama'a ke fitowa.

A 1839, da aka bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a birnin Faris, ɗaukar hoto zama ne na haƙuri. Sai faranti ya yi mintuna yana shan haske kafin siffa ta zauna a kansa, shi kuwa teku ba ya tsayawa wa kowa. In an auna igiyar ruwa, abin da ke fitowa farin hazo ne kawai. Saboda haka hotunan gaɓa na farko na abubuwan da ba sa motsi ne: duwatsu, jiragen da aka janyo kan yashi, da mutanen da suka yarda su sandare. Tsakanin 1843 da 1847, David Octavius Hill da Robert Adamson sun yi ta zirga-zirga daga Edinburgh zuwa ƙauyen masunta na Newhaven a Sukotland, suka ɗauki hotuna fiye da ɗari na masu kamun kifi da matansu masu dakon kifi a kwanduna. A waje aka yi su duka, cikin rana sosai, don babu wata fitilar da za ta iya aikin. Wanda ya ƙura wa hotunan ido zai ga da yawa daga cikin matan sun sunkuyar da kai ko sun kau da fuska gefe. Har da kunya a ciki, amma kuma babu idon da zai jure kallon rana tsawon lokacin da ɗaukar hoton ke buƙata.

A 1851 Frederick Scott Archer ya fito da hanyar shafa wa gilashi wani magani mai danƙo da ake kira kolodiyon. Ya rage zaman daga mintuna zuwa daƙiƙoƙi, amma ya zo da sharuɗɗa masu tsauri. Dole a shafa, a ɗauka, a wanke, duk cikin kamar minti goma zuwa goma sha biyar kafin gilashin ya bushe, don haka mai hoto sai ya tafi da ɗakin duhunsa har bakin ruwa, ga iska, ga yashi mai neman ko'ina ya maƙale. Sharaɗi na biyu shi ne ya fi shafar agogo. Maganin shuɗin haske yake gani da kyau, ja da rawaya kuwa kusan makaho ne a kansu. Hasken yamma ja ne. Ke nan rana na iya kasancewa a sama, ido na ganin komai fes, amma a wurin gilashi duhu ya riga ya fara. Har ma'auni aka yi wa matsalar: a 1888 wasu masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, suka yi rajistar wata 'yar na'urar lissafi mai suna Actinograph, wadda ke gaya wa mai hoto ƙarfin rana gwargwadon sa'a, da wata, da nisan garinsa daga tsakiyar duniya.

Mutum ɗaya ne a wancan zamani ya ƙi bin wannan agogo, kuma ya cancanci a ɗan dakata a kansa. Gustave Le Gray Bafaranshe ne da ya fara da zane kafin ya koma hoto. A 1856 ya tsaya a gaɓar Normandi ya juya kyamararsa ta fuskanci hasken kai tsaye, abin da kowane malamin hoto ke hanawa. Abin da ya samu shi ne jirgin ruwa guda a nesa, gajimare masu nauyi, da zirin haske kwance a kan ruwa. Da aka nuna hoton a Landan a ƙarshen shekarar, mutane da yawa sun ɗauka da farin wata aka ɗauke shi. Rana ce, ya dai takaita hasken da ke shiga ne har sararin ya yi duhu. Shekara ta zagayo ya gangara Sète a gaɓar Bahar Rum, inda ya yi hotonsa da ya fi shahara, na babbar igiyar ruwa tana dukan duwatsu. A nan ya ga cewa hasken da zai fito da ruwa yana ƙona sama, wanda zai fito da sama kuma yana baƙanta ruwa. Sai ya ɗauki ruwa a gilashi ɗaya, sama a wani gilashin, ya haɗa su a takarda guda, layin da sama ta haɗu da teku ya ɓoye ɗinkin. Masu bincike sun gano daga baya cewa akwai sama guda da ya yi amfani da ita a hotuna daban-daban. Wannan matsala ta sama mai haske da ƙasa mai duhu ita ce har gobe wayar hannu ke fama da ita, kuma maganin da take yi shi ne na Le Gray: ta ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su wuri ɗaya.

Shi kansa bai ci moriyar abin ba. Bashi ya kore shi daga Faransa a 1860, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira yana koyar da zane, ya rasu a 1884. A 1999 aka yi gwanjon hoton igiyar ruwan nan a Landan kan fam 507,500, kuɗin da ba a taɓa biya kan hoto guda a gwanjo ba kafin ranar.

Amma sana'ar hoton bakin teku, wadda mutum ke ci da iyalinsa da ita, ba daga irin su Le Gray ta fito ba. Jirgin ƙasa ne ya haife ta. Layin dogo ya isa Brighton a 1841, ya isa Blackpool a 1846, sannan dokar ranakun hutun banki ta 1871 ta ba ma'aikacin Ingila 'yan kwanakin da zai ce nasa ne. Garuruwan masaƙu na Lancashire kuma sukan rufe masana'antu mako guda cur, gari ya kwashe ya nufi teku. Wannan taro ya iske mai hoton kwano yana jira. A 1856 Hamilton Smith na jihar Ohayo a Amurka ya yi rajistar wannan hanya: siririn farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, hoto ya fito a kansa kai tsaye, babu nagatif, babu kwafi na biyu, kuma hagun mutum ya koma damansa. Mai hoto na tura amalankensa a kan yashi, akwatin duhu a bisa, kyamara a kan ƙafa uku, baƙin ƙyalle a kafaɗa. Mai saye na tsaye kamar mai jiran ƙosai a bakin kasko, cikin 'yan mintuna a miƙa masa abinsa da ɗan danshi, sau da yawa a kan sisi.

Irin wannan mai hoto ba ya zaɓen haske. Jirgin safe na sauke mutane da hantsi, na yamma na kwashe su, to tsakanin nan ne kasuwa. Agogonsa na biyu kuma ruwan ne da kansa. Teku na cikowa sau biyu a yini da kwana, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kamar minti 50. A wuri irin Blackpool, inda ruwa ke hawa mita da dama, in ya ciko babu sauran yashin da za a kafa ƙafa uku. Ranar da janyewar ruwa ta dace da tsakar rana, ranar samu ce. Ranar da ta saɓa, sai a koma kan titin gaɓa a yi ta kiran masu wucewa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Busasshen faranti na jelatin, wanda Richard Maddox ya gabatar a 1871, ya raba mai hoto da dakon ɗakin duhu. A 1888 George Eastman ya sa kyamarar Kodak a kasuwa kan dala 25 da fim na hoto ɗari a cikinta, a 1900 kuma Brownie ta fito kan dala ɗaya. A 1892 wani mai suna Paul Martin ya naɗe kyamararsa ta yi kama da ƙunshin kaya, ya zaga yashin Great Yarmouth yana ɗaukar mutane suna barci, suna hira, yara na kallon wasa, babu wanda ya gyara zama. Sai dai waɗannan ƙananan kyamarori idonsu ƙarami ne, fim ɗinsu kuma mai jinkirin shan haske, don haka umarnin da ke cikin littafinsu bai canza ba: a fita da rana sosai, kuma ranar ta kasance a bayan mai ɗauka. In rana na bayan mai ɗauka, to tana cikin idon wanda ake ɗauka. Shi ya sa kundin hotunan iyalan Turai na rabin ƙarni cike yake da fuskoki a yamutse, idanu a kanne, hannu a goshi.

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sana'ar ta zama masana'anta. Kamfanoni irin su Sunbeam na garin Margate sukan baza samari da kyamarori a kan titin gaɓa. Kana tafe da iyalinka, ba ka nema ba, sai a ɗauke ku a miƙo maka tikiti mai lamba, in ka ga dama ka je rumfa bayan 'yan awoyi ko washegari ka duba, ka saya ko ka bari. A kan yashi kuma ga jakuna da manyan dabbobin wasa na auduga don yara su hau. Wannan tsari ya ƙara ɗaure mai hoto da safiya, domin fim ɗin da aka ɗauka kafin azahar shi ne za a iya wankewa, a buga, a shanya, a jera kafin masu yini ɗaya su hau jirgin komawa. Dubban waɗannan hotuna yanzu suna ajiye a jami'ar Canterbury Christ Church, kuma a 2019 gidan baje kolin Turner Contemporary na Margate ya yi babban nuni kan tarihin hoton bakin teku a Birtaniya.

To yaushe yamma ta samu shiga? Ƙofa ta fara buɗuwa a 1906, lokacin da kamfanin Wratten da Wainwright ya fara sayar da farantin da ke ganin dukkan launuka har da ja. Mujallun kwalliya ma suka fito daga ɗaki: a ƙarshen 1933 Martin Munkácsi ya ɗauki wata budurwa, Lucile Brokaw, tana gudu a gaɓar Long Island don mujallar Harper's Bazaar, a rana mai sanyi da lumshi. Sai fim mai kala na Kodachrome ya zo a 1935, ƙirƙirar makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky. An auna launinsa ne da farin hasken tsakar rana. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri, a daidai bakin faɗuwa kusan ninki 38 na abin da yake ratsawa in tana tsaka. Iskar na watsar da shuɗi a hanya, ja da rawaya su iso. Ƙwaƙwalwar mutum na gyara wannan ba tare da ya sani ba, farar riga ta ci gaba da zama fara a idonsa. Fim ba ya gyarawa, sai rigar ta fito ruwan goro, fuska ta yi jawur. A wurin kamfani wannan aibi ne da zai sa mai saye ya dawo da ƙorafi, shi ne asalin awa biyun nan da aka yanke safe da yamma.

Sai da aka yi shekaru kafin aibin ya zama abin nema, kuma shekarun 1970 ne suka tabbatar da shi. Joel Meyerowitz ya kafa babbar kyamararsa a gaɓar Cape Cod daga 1976 yana bin launin sama daga la'asar har almuru. A 1978 fim ɗin Days of Heaven ya fito, wanda Néstor Almendros ya ɗauki sassa da yawa nasa a ɗan tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu, lokacin da shi da kansa ya ce bai wuce minti 25, ya kuma ci kyautar Oscar da shi a 1979. Masu talla, masu kalanda da masu hoton biki suka bi sahu. Kuma suna da hujja: hasken da ke zuwa ta gefe yana fito da ƙirar fuska da tudun yashi, inuwa ta yi laushi, ido ya buɗe, jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari ya riƙa maido da launin sama. Ba kowa ne ya miƙa wuya ba. Martin Parr ya yi 1983 zuwa 1985 yana ɗaukar ma'aikata da iyalansu a New Brighton kusa da Liverpool da rana tsaka, yana ƙara musu hasken filasha a kan na rana, don a wannan sa'ar ce suke wurin.

Wannan batu na Parr ya fi nauyi a Afirka, inda tsakar rana ba irin ta Ingila ba ce. A Margate, ko a tsakiyar bazara, rana ba ta hawa sama da digiri 62. Wannan tsayin ranar Legas kan kai shi tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe a yawancin shekara, kuma sau biyu, farkon Afrilu da farkon Satumba, takan tsaya daidai bisa kai. A lokacin goshi na jefa inuwa cikin idanu, hanci na jefa tasa kan leɓe. Farin yashi kuma na ruɗin ma'aunin kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta tsuke ido, baƙar fuska ta ɓace ɗungum. Fim ɗin ma bai taimaka ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto sun riƙa daidaita launi da katin Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai mata uku masu launin fata daban-daban. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya gyara ganin launin ƙasa-ƙasa har da ƙorafin masu tallan cakulan da na kayan katako. Abin takaici ne a ce kujera ta riga mutum samun wannan kulawa.

Duk da haka, a cikin wannan rana mai zafi aka yi wasu daga cikin hotunan bakin ruwa mafi rai a nahiyar. Malick Sidibé na Bamako yakan bi samari da 'yan mata ranar Lahadi zuwa bakin kogin Kwara a shekarun 1970, ya ɗauke su baƙi da fari suna iyo, suna wasa, suna shan kiɗa. Bai jira wata sa'ar zinariya ba, ya koyi yadda zai auna hasken a kan fatar mutanensa ne. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya ta birnin Venis, mai hoto na farko da ya karɓe ta a wannan mataki. A Legas kuma Akinbode Akinbiyi ya shafe shekaru tun farkon shekarun 1980 yana komawa Bar Beach da kyamarar Rolleiflex, yana ɗaukar masu fararen riguna da ke addu'a, masu talla, dawakan haya da iyalai masu yawon Lahadi. Da masu jiran yamma kaɗai aka bar wa aikin, da an san launin saman wuraren nan amma ba a san mutanensu ba.

Mai son bin dokar yamma a wannan yanki kuma sai ya yi mata gyara. A Legas rana na sauka kusan a miƙe, digiri 15 a awa, don haka daga lokacin da ta rage digiri shida ta taɓa ƙasa zuwa faɗuwarta wajen minti 25 ne kawai, alhali a bazarar Ingila abin na kusan awa guda. Wanda ya makara a cunkoson Lekki ya rasa. Faɗuwar kanta tana tsakanin wajen shida da rabi da ƙarfe bakwai duk shekara, daidai da kiran magariba. Gaɓar Legas da ta Akara kudu suke kallo, saboda haka rana ba ta nutsewa a gaban mai fuskantar teku kamar yadda ake gani a kalanda, tana fitowa ne ta wannan gefen yashi ta faɗi ta wancan. Mai neman rana a cikin ruwa da yamma sai Jidda ko Dakar, da safe kuma sai Port Sudan ko Mombasa. A Disamba da Janairu ƙurar hunturu na gangarowa daga arewa har gaɓa, ta dusashe rana tun tana sama, ta ba mai hoto laushin da a wasu watanni sai ya tashi da asuba zai samu, sai dai ta cinye masa shuɗin sama.

Bar Beach ɗin da Akinbiyi ya ɗauka babu shi yanzu. Tun ƙarshen shekarun 2000 aka fara cike wurin da yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic, a 2024 kuma aikin babbar hanyar gaɓa ta Legas zuwa Kalaba ya ci wani yanki na wuraren shaƙatawa na Oniru. Masu hoto sun bi jama'a gabas, zuwa Elegushi da gaba da nan. A ranakun Sallah da Kirsimeti suna nan daga azahar, kyamara a wuya, suna ɗaukar duk wanda ya yarda a ƙarƙashin kowace irin rana. Masu aikin biki kuma, waɗanda aka biya tun kafin su fito, sukan iso da la'asar da yaro mai riƙe faifan maido da haske, su kammala kafin a kira salla.